Mece Ce Ma'anar "cc", Kuma Yaushe Ake Saka Mutum a Cikinta?

"Assalamu alaikum Hajiya. Wata biyu ke nan da na fara aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna. Shekaranjiya ogana ya ce in aika wa mai kawo mana kayan ofis saƙon imel, ya ƙara da cewa 'cc me'. Na aika wa mutumin, daga baya na tura wa oga saƙon shi kaɗai. Da ya gani sai ya ce ba haka ya ce in yi ba. Kunya ta hana ni tambayarsa. Don Allah mece ce wannan cc, kuma mene ne laifina tunda dai saƙon ya isa gare shi? Na ga akwai wata bcc ma a ƙarƙashinta."

Wa'alaikumus salam 'yata. Kin kyauta da kika tambaya, mai tambaya ba ya ɓata. Na fahimci abin da ya ɗaure miki kai: oga ya nemi ya ga saƙo, kin kai masa saƙo, to me ya rage? Abin da ya rage shi ne, ganin saƙon rabin buƙatarsa ne kawai. Ɗaya rabin kuwa, yana so mai kawo kayan ya san cewa shi ma ya gani. Wannan rabin na biyu shi ne aikin cc, kuma shi ne turawar da kika yi daga baya ba ta biya ba. Amma bari in ɗan koma baya da ke, domin in kika san inda haruffan nan biyu suka fito, ba za su sake rikita ki ba.

Asalin kalmar

Haruffan cc taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci "carbon copy", wato kwafin da aka fitar da takardar kabon. Ana furta su "si-si". Na tabbata kin taɓa ganin takardar kabon ko da ba ki san sunanta ba. Ita ce siririyar takardar nan shuɗiya ko baƙa da mai shago ke cusawa cikin littafin rasit, ya rubuta sau ɗaya, ya yage miki na sama, na ƙasa ya zauna a wurinsa. A tashar mota ma har yau ana amfani da ita wajen rubuta takardar kaya. Fuskarta ɗaya an shafe ta da baƙin sinadari da aka cuɗa da kaki, kuma wannan baƙin shi ake kira kabon. Dangin gawayi ne, irin wanda almajirai ke haɗawa da ƙaro su yi tawadar allo. In an danna alƙalami a takardar sama, sai baƙin ya sauka a takardar ƙasa daidai inda aka danna.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Ralph Wedgwood ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1806. Sai dai ba ta bunƙasa sosai ba sai bayan da kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da tafireta a 1874. Dalili kuwa a fili yake: alƙalamin wancan zamani ba ya jure dannawa, amma haruffan tafireta ƙarfe ne, suna dukan takarda da ƙarfin da zai ratsa shafi uku ko huɗu. Daga nan kabon da tafireta suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai a kowane ofis na duniya, har kusan shekara ɗari.

Ni a kan wannan na koyi aiki, a farkon shekarun 1980, ina ƙaramar ma'aikaciya a wata ma'aikatar gwamnati. Tafiretata Olympia ce, mai nauyi kamar dutsen niƙa. In an kawo mini wasiƙa daga ofishin babban sakatare, abu na farko da nake dubawa shi ne ƙasan daftarin, in ga mutum nawa za a ba kwafi, domin shi zai gaya mini takarda nawa zan jera. Takarda mai tambarin ma'aikata a sama, kabon a bayanta, sai siririyar takardar nan mai kama da ɓawon albasa da muke kira filimzi, sai wani kabon, sai wata filimzi. In daidaita gefensu a kan tebur, in cusa cikin abin naɗi, in murɗa a hankali don kada su zame. Kwafi na farko yakan fito tsaf, na biyu ba laifi, na huɗu kuwa sai an kai shi bakin taga kafin a karanta. In ka yi kuskuren harafi ɗaya, to ka yi shi sau biyar ke nan. Sai ka ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, ka sa guntun kati a bayan wadda za ka goge don kada gugar ta ɓata ta ƙasa, ka goge, ka matsa gaba. Duk sabuwar yarinya da aka kawo mana sai ta taɓa juya kabon baibai, ta gama buga shafi guda cur, ta zare, ta tarar kwafin fari fat, rubutun kuma ya fito a bayan takardar asali a birkice. Da azahar yatsunmu duk sun yi shuɗi.

Na kawo wannan ne don ki ga wani abu. A lokacin, kwafi yana da tsada. Ba ka da fiye da huɗu ko biyar, ɗaya kuma dole ya shiga fayil. Saboda haka babu wanda ake ba kwafi haka kawai. Kuma duk wanda aka ba, sai an rubuta shi a ƙasan wasiƙar, ƙarƙashin sa hannu, gefen hagu: cc, sai muƙaminsa. Ana buga wannan layi tun takardun suna jere, don haka yana fitowa a kan ta asali. Wanda aka rubuta wa wasiƙar, in ya kai ƙarshe, zai ga su wane ne suka san da maganar. Tun asali cc sanarwa ce ga mai karɓar wasiƙa cewa akwai shaidu.

Daga baya injin fotokwafi ya zo. Chester Carlson ya fitar da kwafinsa na farko a birnin New York a 1938, kamfanin da ya zama Xerox kuma ya fito da injinsa mai lamba 914 a 1959, wanda shi ne ya fara karya kasuwar kabon. Takardar ta ja baya, amma haruffan suka ƙi tafiya. Waɗanda suka tsara imel a Amurka a shekarun 1970 sun kwaikwayi fasalin takardar ofis ne, suka ɗauko "To" (wato zuwa ga) da cc suka dasa a ciki, kuma ƙa'idojin imel na intanet har yanzu suna fassara cc da kwafin kabon. Za ki ji wasu suna cewa ma'anarta "courtesy copy", wato kwafin girmamawa. Fassara ce da aka laƙa daga baya, da aka ga yaran zamani ba su san kabon ba. Ba ta sauya komai a aikin haruffan ba.

Bambancin cc da turawa

Yanzu mu dawo kan saƙonki. In kin buɗe sabon imel, akwai gurbi uku na adireshi. Na farko, To, na wanda kike magana da shi ne, wanda ake jiran ya amsa ko ya aikata wani abu. Na uku, Bcc, za mu zo kansa a gaba. Na biyu, Cc, na wanda ya kamata ya sani ne, amma ba a ɗora masa aiki ba. Ki ɗauka kamar kin je karɓar bashi kin tafi da yayanki. Ke ce mai magana, da mai bashin kike yi, yayanki yana zaune bai ce uffan ba. Amma zamansa a wurin ya sauya yadda mai bashin zai amsa miki.

Da kin sa oga a cc, abu uku za su faru a lokaci guda. Mai kawo kaya zai ga sunan oga a saman saƙon, ya san ba sabuwar ma'aikaciya ce kaɗai ke magana ba, ofishin ne gaba ɗaya. Sannan in ya danna Reply All, wato maɓallin amsa wa duk wanda ke cikin saƙon, amsar za ta shiga akwatin oga kai tsaye, ba sai kin sake tura masa ba, haka kuma duk abin da zai biyo baya. Na uku, in wata rana aka yi gardama kan farashi ko ranar kawo kaya, ga saƙo ɗaya mai ɗauke da sunayen kowa da kwanan wata, babu mai cewa ba a gaya masa ba. Turawar da kika yi ta kai masa labari ne bayan an tashi daga taro. Mai kawo kaya bai san oga ya gani ba, amsarsa kuma ke kaɗai za ta zo wa.

Saka oga a cc kariya ce gare ki, ba gare shi kaɗai ba. Ina so ki riƙe wannan da kyau. Ƙaramin ma'aikaci da ke hulɗar kuɗi da 'yan kwangila shi kaɗai, ba tare da idon na gaba da shi ba, yana cikin hatsari ko da amintacce ne. Na ga mutanen kirki da aka zarga da haɗa baki, ba don sun ci ko kwabo ba, sai don babu wanda ya shaida abin da suka rubuta.

Yadda ake faɗinta da Turanci

Tunda a ofis kike, za ki ji ta ta fuskoki da yawa, kuma duk abu ɗaya ake nufi. "Cc me", "copy me", "copy me in" wanda ya fi yawa a bakin mutanen Ingila, da "copy me on it" wanda Amurkawa suka fi faɗa. Kalmar tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau, shi ya sa za ki ga an rubuta "I cc'd the accountant", ma'ana na sa akanta a kwafi. In kin sa wani a cc kuma kina so mai karɓa ya lura, kina iya rubuta "I have copied my manager" a cikin saƙon. A nan ne ɗalibaina suka fi tuntuɓe, domin sun saba da "copy" a ma'anar kwaikwayo ko satar amsa a jarrabawa. A harshen ofis, in abin da ya biyo bayan "copy" mutum ne, to ba kwaikwayonsa aka yi ba, kwafi aka aika masa. In kuwa takarda ce ta biyo baya, kamar "copy this letter", to injin fotokwafi ake nufi ki je.

Za ki kuma ji "put me in copy" ko "keep me in copy" a ofisoshinmu, musamman a ƙungiyoyin da ke aiki da Turawan nahiyar Turai. Ya yi daidai da yadda ake faɗa da Faransanci, "mettre en copie", kuma kowa zai gane ki in kin faɗa. In aiki ya haɗa ki da 'yan'uwanmu na Nijar, za ki ga a wasiƙun gwamnatinsu ana rubuta "Ampliations" a ƙasa, sai jerin ofisoshin da aka ba kwafi. Ita ce cc ɗinsu ta takarda.

Kada ki haɗa ta da wasu masu kama da ita. Cc da ke jikin babur, kamar 125cc, awon girman inji ne, haka ma wadda ke jikin sirinji awon ruwan magani ce. CC da ke ƙasan bidiyo a YouTube rubutun maganar da ake yi ne. "Certified true copy" kuma, wadda kotu ko makaranta ke nema, kwafi ne da wani mai iko ya buga wa hatimi ya sa hannu cewa daidai yake da na asali. In kuma kin ji an ce yaro "carbon copy" ne na ubansa, abin da mu muke cewa kamar an tsaga kara ke nan.

Inda ake ɓata ta

Nan ne na fi so ki tsaya, domin koyon inda ake danna cc aikin minti ɗaya ne, sanin wanda za a saka shi ne ke ɗaukar shekaru.

Tunda cc shaida ce, ana iya mayar da ita sanda. Akwai wani matashin jami'i da muka yi aiki tare, mai ƙwazo ƙwarai. Kuɗin tafiyarsa ya maƙale a ofishin kuɗi kusan wata uku, kuma gaskiya tana gefensa. Ya kawo mini daftarin wasiƙar tuni zuwa ga akanta, a ƙasa ya jera cc: darakta, babban sakatare, mai binciken kuɗi. Na ce masa, ɗan'uwa, ka taɓa zuwa ka same shi ka yi masa magana? Ya ce a'a, takarda ta fi. Na roƙe shi ya cire sunayen nan, ya aika wa akantan shi kaɗai tukuna, in mako biyu ya wuce shiru sai ya ƙara darakta. Ya ƙi, ni kuma aikina bugawa ne, na buga. An biya shi cikin kwana huɗu. Amma akantan, dattijo ne da ya kusa ritaya, ya ɗauki abin a matsayin an kai ƙararsa gaban manya ba tare da an ji ta bakinsa ba, alhali jinkirin ma daga sama ya taso. Har na bar ma'aikatar ba su koma gaisawa yadda suka saba ba, kuma kowace takardar yaron nan da ta shiga ofishin kuɗi sai an bi ta da ƙa'ida harafi bayan harafi. Abin yana damuna har yau, domin dukansu mutanen kirki ne, layi uku a ƙasan takarda ne suka raba su.

A imel abin ya fi sauƙin faruwa, tunda ƙara suna ba ya cin kabon ba ya cin filimzi. Kuna cikin musayar saƙo da abokiyar aiki kan wani kuskure, sai a saƙo na huɗu ta ga sunan oga ya bayyana a cc ba tare da an ce komai ba. Ta gane abin da ake nufi, ko ba ki nufa ba. Ba na cewa kada a taɓa kai magana sama. Wani lokaci dole ne, musamman in ta shafi kuɗi ko amana. Amma a yi shi a fili. Ki rubuta a cikin saƙon cewa kin sa wane a kwafi saboda shi ne zai amince da kuɗin, ko saboda maganar ta wuce ikonki. Ni ƙa'idar da nake koya wa ɗalibai ita ce, in ba za ki iya faɗin dalilin saka mutum a jimla ɗaya a gaban wanda kike rubuta wa ba, to ki cire shi.

Akwai kuma masu saka kowa da kowa don tsoro, wai kada a ce ba su sanar ba. Sakamakon shi ne oga ya buɗe akwatinsa ya tarar da saƙo sittin, hamsin ba su shafe shi ba, goman da suka shafe shi kuma sun nutse a ciki. Kuma kada ki ɓoye aiki a cikin cc. In kina so mutum ya yi wani abu, ki sa shi a To, ki ambaci sunansa a cikin saƙon. Manya da yawa ba sa karanta saƙon cc sai sun sami sarari, wasu ma sun saita akwatinsu yana ware su gefe. In ke aka sa a cc, karantawa ce aikinki. Ba sai kin amsa ba, sai in kin ga kuskuren da zai jawo ɓarna.

Sai bcc

Ita kuma "blind carbon copy" ce, kwafin da sauran masu karɓa ba sa ganin an aika. Mu ma muna yin ta a tafireta. In an gama bugawa sai a zare takardar asali, a mayar da kwafin fayil da na mutumin, a buga bcc da sunansa a kansu kaɗai. A imel, wanda ke bcc yana ganin sunayen da ke To da cc, su kuwa ba sa ganinsa, kuma in sun danna Reply All amsarsu ba ta zuwa masa.

Tana da amfani guda da ba na wasa da shi: in za ki aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa da ba su san juna ba, kamar masu neman aiki ko waɗanda ƙungiyarku ke tallafa wa, to dukansu bcc za su shiga. Adireshin mutum amana ce. A 2015 wani asibiti a Landan mai suna 56 Dean Street ya aika wasiƙar labarai ga mutum kusan 780 da ke hulɗa da sashensa na cutar ƙanjamau, aka sa adireshinsu a fili maimakon bcc. Kowa ya ga sunan kowa. A shekarar da ta biyo baya hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci tarar hukumar asibitin fam 180,000, amma tara ba ta mayar da sirrin da ya fita. Mu ma a Nijeriya muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ƙungiya irin taku, mai riƙe da sunayen marasa lafiya ko zawarawa ko 'yan gudun hijira, tana cikin waɗanda ya kamata su fi kowa kiyayewa.

Amfani da bcc don oga ya leƙa maganarki da abokin aiki a ɓoye kuwa, ba na ba ki shawararsa. Ko ba don komai ba, asirin yana saurin tonuwa: ranar da wanda ke bcc ya manta ya danna Reply All, kowa zai ga cewa an sa shi a ɓoye, kuma kowa zai san wanda ya sa shi. In akwai abin da kike so oga ya sani tsakaninku, ki aika saƙonki, sannan ki tura masa daban da bayaninki. Kin ga ashe abin da kika yi shekaranjiya yana da wurinsa, ba dai shi aka nema a ranar ba.

Abin da na gaya miki na samo shi ne daga ofisoshin gwamnati da ajin koyar da aikin sakatare, kuma kowane ofis da al'adarsa. Akwai ogan da ke son ganin duk saƙon da ya fita waje, akwai wanda zai ce kada a dame shi sai maganar kuɗi. Ƙungiyoyi masu samun tallafi daga waje sukan kasance da rubutacciyar ƙa'ida kan wanda dole a sa a kwafi a harkar sayen kaya, kuma in akwai ta, ita ce gaba da maganata. Gyaran na yanzu ba shi da wuya. Ki buɗe saƙon da kika aika wa mai kawo kayan, ki danna Reply All, ki sa adireshin oga a gurbin Cc, ki rubuta layi ɗaya cewa kin sa shugabanki a kwafi domin ya bi maganar. Gobe da safe kuma, bayan kun gaisa, ki ce masa, "Yallaɓai, na gyara. Waɗanne saƙonni kake so in riƙa saka ka a ciki, waɗanne kuma zan bari?" Ki tafi da biro da takarda ki rubuta abin da ya ce. Allah ya ba da sa'ar aiki.